Ciyar da Fulawa ta Ganye

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan noma da lambu. Gaisuwar yau ta musamman ce ga masu sana'ar fulawa, da gadinonin gidaje da makarantu da ofisoshi, da iyayenmu mata masu 'yar tukunyar fure a tsakar gida, waɗanda ba sa mantawa da ita ko da ruwan sha ya yi wuya. Sannunku da aiki.

Daga Unguwar Kanawa ta Kaduna za mu tashi yau. Wanda ya bi titin Ali Akilu ya nufi Kawo, ko ya ratsa Unguwar Sarki da Badarawa da Malali, ba zai rasa ganin katanga da fure ya lulluɓe ba, ko shingen fulawa a ƙofar gida, ko baƙaƙen ledoji jere a inuwar bishiya suna jiran mai saye. Ado da fure tsohon abu ne a Kaduna. Tun da garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917 ake dasa itatuwa da furanni a gidajen gwamnati da barikoki, daga can kuma abin ya bazu cikin unguwanni. Galibin waɗannan furanni baƙi ne. Bogenbiliya, wadda wasu ke kira fulawar takarda, daga Kudancin Amurka ta zo. Iksora, mai dunƙulallen jan fure, 'yar nahiyar Asiya ce. Haibiskus ma baƙuwa ce, ko da yake danginta na cikin gonakinmu, wato zoɓorodo da rama da kuɓewa. Kariya ce tamu ta gado. Shi kuwa baƙo, sai an san abin da cikinsa ke karɓa.

A 'yan shekarun nan, shagunan kayan noma sun cika da takin ruwa da takin gari da ake narkawa a fesa wa ganye. Wani ya fesa ya ga alheri. Wani ya fesa ya wayi gari ganye ya ƙone kamar an gifta da wuta. Me ya bambanta su? Wannan ita ce tambayar shirinmu na yau. Ku gyara zama, wanda ke da biro da takarda ya matso da su kusa, domin akwai awo da za mu bayar.

(Ɗan kiɗa)

Mu fara da yadda shuka ke cin abinci. Masana sun ƙidaya sinadarai 17 da shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku tana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 kuwa daga ƙasa take jawo su ta saiwa. A cikinsu akwai manya uku da kowane manomi ya sani, su ne haruffan nan da ke jikin buhun kamfa, N da P da K: naitirojin mai gina ganye, fosfaras mai taimakon saiwa da fure, da fotashiyam mai ƙarfafa jikin shuka. Akwai matsakaita, irin su kalshiyam da magniziyam. Sai ƙanana, irin su sinadarin ƙarfe da zink da boron da manganis. Su ƙananan nan kamar gishiri suke a miya: ɗan kaɗan ake buƙata, amma in babu, kowa zai gane.

To, ganye fa, ta ina yake ci? Ku tsinko ganye ɗaya ku shafa. Wannan santsi da kuka ji wani siririn rufi ne mai kama da kakin zuma, wanda Allah Ya yi wa ganye don kada ruwan jikinsa ya ƙafe. Shi ya sa in ruwa ya zuba a ganyen gwaza sai ya dunƙule ya gangare. Amma rufin bai toshe ɗungurungum ba. In ruwa mai ɗauke da taki ya kwanta a kan ganye ya ɗan jima bai bushe ba, wani kaso na takin yakan ratsa ya shiga. Akwai kuma wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ganye ke numfashi da su. A yawancin shuke-shuke sun fi yawa a bayan ganye, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, kuma rufin ya fi taushi a sabon ganye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sanin wannan abu ya daɗe. A wajajen 1844, wani masani a Faransa mai suna Eusèbe Gris ya shafa ruwan gishirin ƙarfe a kan ganyen da ya koɗe ya zama ɗorawa. Bayan 'yan kwanaki sai wurin da ya shafa ya dawo kore. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a shekarun 1950, wasu malamai biyu a jami'ar jihar Michigan ta Amurka, Tukey da Wittwer, suka yi wa sinadaran taki wata alama da na'ura ke iya bin sawunta, suka fesa a ganye, suka bi su har cikin jikin shuka. Aka tabbatar ganye yana sha. Aka kuma gane cewa sinadaran ba gudu ɗaya suke yi ba. Yuriya takan shige cikin sa'o'i, fosfaras sai ya ɗauki kwanaki. Wasu in sun shiga sukan zagaya jikin shuka, wasu kuwa inda suka sauka nan suke tsayawa.

Sai dai bakin ganye ƙarami ne. Abin da zai iya haɗiya a feshi ɗaya ba shi da yawa, in aka matsa masa kuma ya ƙone. Ita saiwa dare da rana take aikinta. Don haka tuwon shuka yana ƙasa, feshi kuwa matsayin magani yake da shi, ko kunun da ake ɗura wa mara lafiya kafin ya iya cin tuwo. Ku dubi ƙasar Kenya, inda ake noman wardi a gefen tafkin Naivasha ana lodawa a jirgin sama zuwa kasuwar furanni ta Aalsmeer a Holan. Waɗannan manoma kasuwar duniya suke yi wa aiki, kuma tabo ɗaya a fure yana iya karya masa daraja. Duk da haka, babban abincin furanninsu ta saiwa suke ba da shi, a cikin ruwan ban-ruwa da ke ɗiga a gindin kowace shuka. Feshin ganye gyara ne da ciko. In masu wannan jari haka suke yi, mai leda hamsin a bakin titi bai kamata ya zuba duk kuɗinsa a kwalbar feshi ya bar ƙasarsa da yunwa ba.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, likita ba ya ba da magani sai ya duba mara lafiya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, ganye ma ba ya koɗewa banza. Kafin ka sayi komai, tsuguna ka dubi fulawarka, ka tambayi kanka: wane ganye ne ya koɗe, tsoho ko sabo?

In tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka zama ɗorawa gaba ɗaya, shukar kuma ta tsumbure, mai yiwuwa naitirojin ne ya yi ƙaranci. Shuka takan kwashe shi daga tsohon ganye ta kai wa sabon toho, kamar uwar da ke haƙura da nata rabon don yara su ci. In tsohon ganyen ya koɗe a tsakanin jijiyoyi, su jijiyoyin suna nan kore, sai a zargi magniziyam. In bakin tsohon ganye ne ya bushe ya yi ruwan ƙasa, kamar an zagaye shi da wuta, ana iya zargin fotashiyam, ko da yake ƙishirwa da yawan taki ma sukan yi haka. In kuwa sabon ganye na can sama ne ya fito fari-fari ko ɗorawa, jijiyoyinsa kore shar kamar zanen raga, wannan yawanci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, domin shi ba ya ƙaura daga tsohon ganye zuwa sabo.

Bari mu tsaya a kan wannan na ƙarshe, domin shi ne ciwon iksora a gidajenmu. Gidajen Unguwar Kanawa da Unguwar Shanu da Abakwa a matse suke, fili ya yi kaɗan. Inda ake samu a dasa fure shi ne ɗan tsirin wurin da ke jikin katanga, ko kwamin da aka zagaye da bulo. A nan magina suka zubar da ragowar siminti da ɓaraguzan bulo. A nan ake watsa tokar murhu. A nan ake juye ruwan wanki mai sabulu, da niyyar kada ruwa ya tafi a banza. Siminti da toka da sabulu duk suna mayar da ƙasa mai kanwa-kanwa. Masana suna auna wannan da ma'aunin da suke kira pH, wanda lamba 7 ce tsakiyarsa: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa. Iksora tana son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5 zuwa 6. Da zarar ƙasa ta haura 7, sinadarin ƙarfen da ke cikinta sai ya ƙulle, saiwa ta kasa jansa. Jar ƙasar Kaduna cike take da ƙarfe, shi ne ma ya ba ta wannan launi, amma ga iksora tana fama da rashinsa. Ga abinci a rumbu, ƙofa a kulle.

Mai gida ya ga ganye ya koɗe, sai ya ƙara kamfa. Shiru. Ya sake ƙarawa, har saiwa ta fara ƙonewa. A irin wannan hali ne feshin ganye ke nuna amfaninsa, domin yana kewaye ƙasar da ta kulle ya miƙa wa ganye abin da yake nema kai tsaye. In aka fesa takin da ke ɗauke da sinadarin ƙarfe, cikin mako ɗaya ko biyu za a ga kore ya fara dawowa, wani lokaci ɗigo-ɗigo, daidai wuraren da ruwan ya sauka. Amma ganyen da zai fito bayan feshin zai sake fitowa a koɗe, tunda ciwon yana ƙasa. Maganin da zai ɗore shi ne a tone ɓaraguzan simintin, a daina zuba toka da ruwan wanki, a kawo baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen takin gargajiya a cakuɗa. Feshi ya riƙe shukar, gyaran ƙasa ya warkar da ita.

A kuma lura, ba kowace koɗewa ce yunwa ba. Tukunyar da ba a huda gindinta ba takan tara ruwa saiwa ta ruɓe. Fulawar da ta shekara biyu a leda ɗaya saiwarta takan nannaɗe ta shaƙe kanta. Darɓa da sauran ƙananan ƙwari sukan laɓe a bayan ganye suna tsotsa. Gara takan ci gindi. Juya ganyen ka duba, tura yatsa cikin ƙasa ka ji damshinta. Duk waɗannan, ko kwalba goma ka fesa ba za ta raba ka da su ba.

(Ɗan kiɗa)

To, in an dace da ciwon, an kuma dace da awo, me ake gani? Gwaje-gwajen da aka yi kan wardi da wasu furannin kasuwa a ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Masar sun nuna abubuwa masu kama da juna. Ganye yakan ƙara kore da faɗi. Rassa sukan ƙaru, kuma yawan reshe shi ne yawan wurin fure. Furen yakan fito da girma, kararsa ta yi tsawo da ƙwari. Zink yana hana ganye fitowa ƙanana a cunkushe. Boron yana taimakon sabon toho da ƙullin fure. Kalshiyam yana ƙarfafa jikin fure har ya ƙara kwana bayan an yanke shi. Amma ribar ta fi fitowa ne a inda shukar ke da rashi tun farko. Wadda ta ƙoshi, ƙarin ba ya ƙara mata komai, sai dai ya rage maka kuɗin aljihu.

Akwai kuma lokutan da saiwa ba ta iya aiki sosai, feshi mai sauƙi ya zama agaji. Reshen da aka yanka aka dasa, wanda ya fara toho amma saiwarsa ba ta kankama ba. Fulawar da aka ciro daga leda aka mayar ƙasa, tana cikin jigatar sauyin wuri. Da kuma watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, ya wanke takin da ke cikin leda, ya cika ƙasa har saiwa ta rasa iska.

Ɓarnar ma a bayyane take. In taki ya yi kauri a ruwan feshi, sai ya zuƙe ruwan jikin ganye, kamar yadda gishiri ke fitar da ruwa daga yankakken tumatir. Bakin ganye ya ƙone, tabo ya fito, wani lokaci ganyen ya zube gaba ɗaya. Boron ya fi kowanne haɗari a nan, domin tsakanin abin da ya isa da abin da ya yi yawa tazarar kaɗan ce. Naitirojin kuma in ya yi yawa, shuka takan yi ta ganye ta manta da fure, ganyen ya yi laushi, darɓa ta samu wurin zama.

Bogenbiliya ce babbar shaida. Ku tuna lokacin da ta fi ƙawata katangun Kaduna: da rani ne, cikin hunturu da bazara, sa'ad da ƙasa ta bushe. Ita shuka ce da ke yin fure in ta ɗan ji wuya, ta sami rana sosai, ruwa ya ragu. Wanda ya bi ta da yuriya da ban-ruwa kullum zai sami kurmin ganye da ƙaya, ya yi ta jiran fure. Kariya ma haka take, gatan da ya wuce kima ruɓar da ita yake yi. Haibiskus da wardi kuwa masu ci ne, suna son a riƙa tuna su. Kowace da halinta.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga awon, a ɗauki biro. Ƙa'ida ta farko, in takin kwalba ne ko na fakiti, a karanta takardar jikinsa a bi abin da aka rubuta. In ba a iya karantawa ba, a nemi wanda zai karanta. In shakka ta shiga, a fara da rabin awon. Kada a ce bari in ƙara murfi ɗaya don ya fi aiki. Wannan ƙarin murfin shi ne ya ƙone lambuna da yawa.

In yuriya za a yi amfani da ita, a san cewa taki ne mai ƙarfi, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafaffe ba mai tozo ba, wato kimanin giram 4, shi za a narka a lita ɗaya ta ruwa. Lita ɗaya kuwa kusan ledar fiya wata biyu ce. Na sake faɗa: ƙaramin cokali ɗaya shafaffe, a lita ɗaya. In famfon feshi na goyo ne mai cin lita 16, cokali 16 ke nan. Don ƙarancin magniziyam akwai gishirin Epsom, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a lita ɗaya. Don ƙarancin ƙarfe a nemi takin ganye da aka rubuta yana ɗauke da shi, a kuma kiyaye katanga da tayil da tufafi, domin wasu irinsa sukan bar tabon tsatsa mai wuyar fita.

Kamfa na buhu, irin su 15-15-15 da 20-10-10, don ƙasa aka yi shi. Ba ya narkewa duka, yana toshe bakin famfo, gishirin da ke cikinsa kuma yana iya ƙona ganye. Sufa ma haka. A bar su a gindin shuka, inda suka fi amfani.

Sai lokaci. A yi feshi da sassafe bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ko da yamma liƙis bayan la'asar. Dalili shi ne ganye yana sha ne muddin ruwan bai bushe ba. Da tsakar rana ɗigon yakan ƙafe nan take, ya bar gishirin taki a kan ganye, rana ta gasa shi. A bazara, Maris da Afrilu, wannan haɗari ya fi yawa, sai a rage awo ko a dakata. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura takan rufe ganye, ga iska busasshiya. Sai a wanke ganyen da ruwa zalla tun jiya da yamma, a yi feshi yau da sassafe kafin iska ta taso. A damina kuma a dubi sama tukuna. In hadari ya haɗu a bari, domin ruwan da ya sauka jim kaɗan bayan feshi ya tafi da kuɗinka. A damina kuma, safiya ta fi yamma, musamman ga wardi, saboda ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne ke kamuwa da ciwon baƙin tabo.

Kada a fesa wa shukar da ta yi yaushi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ba ta ruwa a gindi, a bari ta miƙe, washegari a yi feshi. A sa bakin famfo ya riƙa fitar da ruwan kamar raɓa, a juya shi sama don a sami bayan ganye, inda muka ce ƙofofin suka fi yawa. Da ganye ya jiƙe ya kusa fara ɗiga, ya isa. A kauce wa furen da ya riga ya buɗe, domin fatarsa ba ta da juriyar ganye, tabo yake yi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da sabon toho ke fitowa, kafin fure ya buɗe. A bar tazarar kwana 10 zuwa 14 tsakanin feshi da feshi. In sabon taki ne da ba a taɓa gwadawa ba, a fesa wa reshe ɗaya ko leda biyu, a jira kwana uku a gani. Mai leda ɗari biyar da ya yi wannan haƙuri na kwana uku ya tsare jarinsa.

Ga wani gargaɗi da nake roƙo a riƙe da hannu biyu. Famfon da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa, kada a kusanci fulawa da shi. Da yawa daga cikinmu famfo ɗaya gare mu, ko aro muke yi wurin maƙwabci da ya dawo daga gona. Ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya murɗe ganyen wardi ko haibiskus, ya nakasa su. Ƙaramin famfon hannu na lita ɗaya ko biyu ya wadatar da tsakar gida. A ware shi don fure kawai.

(Ɗan kiɗa)

Wani zai ce, ni ba ni da kuɗin kwalba. To, akwai zogale a bayan ɗaki. Ɗanyen ganyensa yana ɗauke da sinadaran abinci da kuma wani sinadari mai zaburar da toho, kuma masu bincike a ƙasashe da dama sun gwada ruwansa a kan amfanin gona. Ana daka sabon ganye da ɗan ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a surka kashi ɗaya da kashi 30 na ruwa, a fesa a ranar, domin ba ya kwana. Taimako ne mai sauƙi, ba ya maye gurbin taki a ƙasa. Ruwan da aka jiƙa kashin kaji ko na shanu kuwa a gindin shuka ya kamata a zuba shi, bayan an surka. A ganye yana iya ƙuna, ga wari da ƙwayoyin cuta a gidan da yara ke wasa.

Wajen saye, a nemi kaya mai cikakkiyar takarda: sunan kamfani, abin da ke ciki da yawansa, awon amfani, da ranar lalacewa. Tun 2019 Najeriya take da dokar kula da ingancin taki, wadda ta wajabta bayyana abin da ke cikin kayan da ake sayarwa. Ruwan da aka ɗura a gorar lemo ba suna ba takarda, a bar shi a inda aka gan shi. A gida kuma kada a ajiye taki ko magani a kwalbar abin sha, a ɗaga shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. A rufe hanci da baki lokacin feshi, a ba iska baya, a wanke hannu da sabulu. Kada a gauraya taki da maganin ƙwari sai takardar ta yarda. In an sa maganin ƙwari, a tausaya wa ƙudan zuma da ke ziyartar fure, a kuma tsare awaki da kaji.

Mai neman ƙarin sani, ilimin yana kusa da mu. Ga malaman gona na jiha. Ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Afaka, nan bayan Mando. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, inda ake auna ƙasa a faɗa maka abin da ta rasa. Ga kuma cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano. Masu sana'ar fulawa in suka haɗa kai suka kai samfurin ƙasar da suke cika leda da ita aka auna, sun huta da shekaru na lalube.

Kalma ta ƙarshe gare ku, 'yan'uwana masu sayar da fulawa. Feshin yuriya yana iya sa ganye ya yi shar cikin kwana kaɗan, ko da saiwa ta shaƙe a leda. Mai saye ya gani ya yaba, ya kai gida, bayan wata ɗaya shuka ta mutu. An ci ribar yini ɗaya, an rasa abokin ciniki na shekaru. Sana'ar nan amana ce. Ku sauya leda in ta yi kaɗan, ku cika ta da ƙasa mai rai, ku gaya wa mai saye abin da furen ke so da abin da ba ya so. Ku kuma masu saye, ku ɗaga ledar ku dubi gindinta kafin ku dubi furen.

Gobe da safe in Allah Ya kai mu, kafin a fita nema, kowa ya je wurin fulawarsa ya tsuguna. Ya dubi tsohon ganye da sabo, ya juya bayansa, ya taɓa ƙasar. In ƙasa ce ke kuka, a fara da ita. In ganye ne ke neman agaji, a auna cokali, a jira sanyin safiya. Furen da ke ƙofar gidanka ba kai kaɗai yake yi wa ado ba, duk wanda ya bi layin yana da rabo a cikinsa.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya raya abin da kuka dasa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.

(Kiɗan rufe shiri)